Gaba na faɗuwa, buhu na jira: ɗaukar nauyi da ciwon bugun zuciya a Gwashi

A Gwashi ta ƙasar Bukkuyum ba a biyan kuɗi don a ɗaga nauyi. Wanda ya ɗaga shi ake biya.

Tsaya a bakin hanya da kaka, lokacin da ake lodin gero da dawa, ka kalli yadda abin ke gudana. Ɗan dako zai duƙa, mutum biyu su cicciɓi buhu su aza masa a ƙeya, ya cije leɓe, ya haɗiye numfashinsa, jijiyoyin wuya su tashi ruɗu-ruɗu, sannan ya miƙe yana rangaji har bakin mota. Buhun yakan kai kilo 100, ya fi mai ɗauke da shi nauyi. A cikin gida kuwa, kafin hantsi mace ta ɗaga taɓarya sau ɗaruruwa, ta sauke tulu ko jarka daga ka. Can cikin daji, a ramukan zinare na ƙasar Anka da Bukkuyum, samari na jawo buhunan dutse da igiya daga ƙarƙashin ƙasa. Ana cikin haka sai ga sabon yayi ya biyo wayar hannu ya iso ƙauye: a samo gwangwanaye biyu a cika su da kwaɓaɓɓen siminti, a soka ƙarfe a tsakani, in ya bushe ya zama abin ɗagawa. Da la'asar samari su zagaye shi suna ƙirga wa juna, kowa na son ƙirjinsa ya buɗe kamar na waɗanda yake gani a TikTok.

Akwai tambayar da likitocin zuciya a birane ke yawan sha: mutumin da bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, zai iya ɗaga ƙarfe ko ya haƙura? A can tambaya ce ta mai zaɓi. In an ce ya bari, asararsa ba ta wuce kuɗin rajistar gidan motsa jiki ba. A Gwashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in ka ce wa magidanci ya daina ɗaukar kaya, cefane ka ce ya daina. Shi ya sa amsar da binciken likitoci ya bayar cikin shekaru arba'in ɗin nan ta fi amfani a nan fiye da inda aka yi binciken. Yawancin masu wannan lalura za su iya ɗaukar nauyi, har ma yana da amfani gare su, muddin an gano wane irin ciwo ne, an kuma gyara yadda ake ɗaukar. Wasu 'yan kaɗan ne ya kamata su dakata, kuma gano su shi ne jan aikin.

Luguden da ya ɓaci

Wahalar farko daga harshenmu take. Bahaushe na cewa "gabana ya faɗi" in ya ji mugun labari, in ya tuna bashi, in ya ji ƙarar babura da tsakar dare. A yankin da mutane suka shekara da shekaru suna barci da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, faɗuwar gaba ba baƙuwa ba ce. To da wannan kalma ɗaya mai ciwon zuciya na gaske zai je shagon magani ya kai kukansa, mai shago ya ce, "Baba, tunani ne, a rage tunani." A gida kuma a ce iska ce, a nemo rubutu da turare. Sau da yawa mai shagon ya yi gaskiya, fargaba ce kawai. Amma a cikin masu wannan koke akwai waɗanda wutar zuciyarsu ce ta sami tangarɗa.

Wuta kam wuta ce, ta lantarki. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan mitsitsin wuri da ke sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum na hutawa. Tartsatsin ya bi ɗakunan sama su matse, su zuba jini a na ƙasa, sannan na ƙasa su matse su tura shi huhu da sauran jiki. Haka take yi wajen sau 100,000 tsakanin safiya da wata safiya. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya ya san tsarin: wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, ba a karo, ba a jira.

Luguden nan yana ɓaci ta hanyoyi da dama, kuma hatsarinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci taɓarya ɗaya ce ke riga lokacinta, sai mutum ya ji kamar zuciyar ta tsallake bugu, ta dawo da ƙarfi. Kusan kowa na samun wannan, kuma in ginin zuciyar lafiya lau yake, galibi ba abin damuwa ba ne. Wani lokaci kuma mutum na zaune sai bugun ya zabura ya kai 150 ko 200, ya yi 'yan mintoci, ya tsaya tsak kamar an kashe fitila. Wannan yana tayar da hankali, amma in daga ɗakunan sama ya taso, ba kasafai yake kisa ba. Akwai wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, inda ɗakunan sama ke daina matsawa su koma karkarwa, bugun ya zama babu kai babu gindi. Shi ya fi yawa a cikin masu daɗewa, kuma sharrinsa a ɓoye yake: jini na kwanciya a lungun zuciya ya daskare, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mai AF ya fi wanda ba shi da shi hatsarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar. Sai kuma wanda ake tsoro, mai tasowa daga ɗakunan ƙasa. In ya yi tsanani jini na daina fita gaba ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi cikin daƙiƙoƙi.

Dukkansu Bahaushe faɗuwar gaba zai kira su. Hannu a ƙirji ba ya bambance su, sai takardar gwajin ECG.

Cijewa

Me nauyi ke yi wa zuciya? A 1985 wani masani mai suna MacDougall da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada suka zura siririn bututu cikin jijiyar hannun wasu ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe su biyar, don su auna hawan jininsu a daidai lokacin da suke tura nauyi. Lafiyayyen awo bai wuce 120 bisa 80 ba. Da mutanen nan suka tura nauyi da ƙafafu biyu, matsakaicin awonsu ya kai 320 bisa 250. Na ɗaya daga cikinsu ya haura 480 bisa 350. In ma'aikacin asibiti ya ga rabin wannan a jikin mai jinya, sai ya kwantar da shi.

Ba su mutu ba, ba su ko suma ba, domin hawan na 'yan daƙiƙoƙi ne kuma jikinsu ya saba. Abin lura shi ne daga ina hawan ya fito. Wani kaso daga damtse da cinya ne, da suke matse jijiyoyin da ke cikinsu. Wani babban kaso kuwa daga wannan cijewar ne, wato mutum ya cika ƙirji da iska ya toshe maƙogwaro ya yi yunƙuri. Shekara goma bayan haka, a 1995, wasu likitoci biyu a Amurka, Narloch da Brandstater, suka gwada bambancin. Da riƙe numfashi awon ya kai wajen 311 bisa 284. Da aka ce wa mutanen su riƙa fitar da iska a hankali yayin turawa, ya tsaya a 198 bisa 175. Nauyi iri ɗaya, mutane iri ɗaya, numfashi kaɗai aka sauya.

Cijewar na da wani sharri bayan an sauke kaya. Yayin yunƙuri, jinin da ke komawa zuciya yana raguwa. Ana sakin numfashi awon jini ya faɗi, sannan jinin da ya taru ya kwararo gaba ɗaya. Wannan ne jirin da ɗan dako ke ji in ya jefar da buhu, ya ga duhu-duhu, ya dafa mota. Lafiyayyar zuciya na shanye wannan hawa da sauka. Wadda ta kumbura, ko ta yi kauri, ko take da tabo, a irin wannan gaɓa wutarta ke iya rikicewa.

Wani abin ban mamaki, wannan yunƙurin dai shi likitoci ke koya wa masu bugun da ke zabura daga ɗakunan sama don su tsayar da shi. A wani gwaji da aka wallafa a Ingila a 2015, an sa masu jinya su hura cikin bututun na'urar awo na daƙiƙa 15, sannan a kwantar da su a ɗaga ƙafafunsu, sai bugun ya daidaita ga kashi 43 cikin 100. Abin da ke zama magani ga wannan shi ne guba ga wancan, kuma a nan ne shawarar abokai a majalisa ke halaka mutum.

Daga "je ka kwanta" zuwa "tashi ka motsa"

Da can likita na ganin ciwon zuciya sai ya ce hutu. An daɗe ana haka kafin a gane cewa kwanciya na cinye tsoka, kuma mai raunin tsoka zuciyarsa ta fi wahala a kowane ɗan aiki. Wanda cinyarsa ke da ƙarfi zai tashi daga tabarma ba tare da bugunsa ya hau ba. Wanda ya rame a kwance, zuwa masallaci ma sai ya yi haki. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya a 2007, ta sabunta a 2023, cewa motsa jiki na ƙarfafa tsoka yana da aminci da amfani ga yawancin masu ciwon zuciya da aka shawo kansa, yana rage hawan jini, yana taimaka wa masu ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce kowane baligi ya yi irin wannan motsa jiki aƙalla kwana biyu a mako, har da masu lalurar da ta daɗe.

Masu kallon ƙwallo sun ga sauyin da idonsu. A 1996, bayan Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano ƙofar babbar jijiyar zuciyar Nwankwo Kanu na da matsala. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo fili, ya je Arsenal ya yi shekaru yana wasa. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili ranar 12 ga Yuni 2021 ana wasa da Finland, zuciyarsa ta tsaya, aka farfaɗo da shi a wurin, aka dasa masa na'urar da ke ba zuciya wuta in ta rikice, bayan wata takwas ya koma wasa a ƙungiyar Brentford. Wata likita a Jami'ar Yale, Rachel Lampert, ta bi diddigin 'yan wasa 372 masu irin wannan na'ura, ta wallafa a 2013 cewa babu ko ɗaya da ya mutu a dalilin wasa, ko da yake wasu na'urar ta ba su wuta suna tsakiyar fili.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana karawa da Angola, bai tashi ba. Binciken gawa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ta Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, bangon zuciyarsa ya yi kauri fiye da ƙima. Sergio Agüero kuwa da aka gano irin nasa ciwon bugun a 2021, shawarar da ya bi ita ce ya ajiye takalmi. Kanu da Okwaraji duk zarata ne, duk masu ƙarfi ne. Abin da ya raba su, bayan ƙaddara, shi ne an leƙa zuciyar ɗaya tun kafin ta ba shi kunya.

Waɗanda ya kamata su dakata

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan wasu halaye da ba a ɗaga nauyi a cikinsu sai an yi magani: bugun da ke rikicewa ba a shawo kansa ba, zuciyar da ta gaza har ƙafa ta kumbura mutum ba ya iya kwanciya sai da matasai, ƙofar zuciya da ta tsuke ƙwarai, hawan jinin da ya wuce 180 bisa 110, da kumburin tsokar zuciya da kan biyo bayan zazzaɓi ko mura, wanda ke buƙatar hutun wata uku zuwa shida. Wannan jeri an rubuta shi ne a Turai da Amurka, inda mai AF galibi dattijo ne. A ƙasar Hausa fuskokin da ke bayan jerin daban ne.

Akwai yaron da ya sha ciwon maƙogwaro yana ƙarami ba a ba shi maganin da ya dace ba, ƙwayar cutar ta ja garkuwar jikinsa ta cinye masa ƙofofin zuciya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya haɗa masu wannan ciwo 3,343 daga ƙasashen Afirka da Indiya da Yaman, har da Najeriya, ya nuna rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma kusan ɗaya cikin biyar na da AF. Shekarun dako ke nan, shekarun aure da haihuwa.

Akwai kuma mai jego. Ciwon gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, babu inda aka fi saninsa a duniya kamar arewa maso yammacin Najeriya. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta a kansa a Zariya, suka ɗora zargi a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ƙirga mace ɗaya cikin haihuwa 102 a 2007. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda ya tattara mata 406 a faɗin ƙasa, ya sami ɗaya cikin 96 a Kano, kuma ya nuna yatsa ga rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Ko ma mene ne sanadin, zuciyar da ta saki haka ita ce ta fi saurin rikicewar wuta. A al'ada, in an yi arba'in jego ya ƙare, taɓarya da guga na jiran mace. In tana haki, tana tari da dare, ƙafarta ba ta saɓe ba, ba ragwanci ba ne kuma ba shagwaɓa ba ce. Uwar miji da ta karɓi dakan ta ce, "'Yar nan, zauna, a kai ki asibiti tukun," ta yi abin da babban likita zai yi.

Abu na uku ya shafi wannan yanki musamman. A watan Maris 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani. Waɗanda suka tsira suna goye ko suna rarrafe a lokacin, yau su ne samari da 'yanmatan garuruwan. Dalma na maƙalewa a ƙashi shekaru masu yawa, tana kuma taɓa ƙoda tana jawo hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban mai share wa AF hanya. Wannan ba ya nufin duk wanda ya taso a can yana da ciwon zuciya. Yana nufin saurayin da ya fito daga waɗannan ƙauyuka, ko yake aikin niƙan dutse yanzu da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa a 2019, ya fi kowa cancantar a auna jininsa kafin ya rungumi gwangwanin siminti.

Abin da ake haɗiya kafin a ɗaga

Ni a ganina, a yankin nan ƙarfen bai kai abin da ake sha kafin a taɓa shi hatsari ba. Kowa ya san tiramol ya zama abokin aikin ƙarfi, a gona da rami da tasha. Yana kashe jin gajiya da ciwo, waɗanda su ne ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, kuma in an zarce yana kawo farfaɗiya yana rikita bugun zuciya. A haɗa shi da lemun ƙarfi gwangwani biyu ko uku, a bi da goro da shayi mai kauri da sigari, sannan a shiga rana. Masu son ƙirji ya faɗaɗa da wuri kuma suna neman allurai da ƙwayoyin gina tsoka, waɗanda ke kaurara bangon zuciya su bar mata tabo, ko su sha ƙwayoyin sa ƙiba da ke tara ruwa a jiki su tayar da hawan jini. Ko wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro na da, irin su kwinin da kulorokwin, suna jan lokacin da wutar zuciya ke ɗauka kafin ta sake shiri, abin da kan zama matsala ga mai rauni a nan.

Ga kuma bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Gumi na fita da ruwa da gishirin jiki, in gudawa ta haɗu da shi sinadarin fotasiyam ya ragu, shi kuwa da shi wutar zuciya ke aiki. Mai shan ƙwayar sa fitsari don hawan jini ya fi kowa shiga wannan tarko. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, aikin nauyi na bayan buɗa-baki ne ko sanyin safiya, ba na azahar ba.

Yadda ake ɗauka

Ga wanda likita ya duba ya ce zai iya, ƙa'idar ba ta da wuya. Nauyin da ya dace shi ne wanda mutum zai ɗaga sau 10 zuwa 15 a jere bai cije ba. In sai ya toshe numfashi zai iya, ya yi masa yawa. Iska a fitar da ita lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Ƙirga da baki a bayyane na tilasta hakan, don ba a magana da rufaffen maƙogwaro. A fara da ɗan tattaki jiki ya yi ɗumi, a huta tsakanin zagaye, a bar kwana ɗaya tsakani, kada a tsaya cak bayan an gama. Gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi sau ɗaya, wadda ita ce daɗin majalisar samari, ita ce daidai abin da mai wannan lalura zai bar wa wasu.

A fassara wannan zuwa harshen kasuwa: rabin buhu sau biyu ya fi cikakken buhu sau ɗaya. Baro da amalanke da jaki sun fi ƙeya. Buhun taki ko siminti mai kilo 50 a kama shi mutum biyu. Na san abin da ɗan dako zai ce, "Malam, ai da buhu ake biya, ba da sawu ba." Gaskiyarsa. Wannan magana ce da ta shafi sarkin dako da masu kaya, don su ke yanka farashi, kuma ba a rasa yadda za a sa mai lalura a wajen ɗauri da jeri a saman mota maimakon ɗauka daga ƙasa.

Magani ma na sauya lissafi. Mai shan atenolol ko dangoginsa bugunsa ba ya hawa sosai ko ya gaji, don haka kada ya dogara da ƙirga bugu. Ya gwada ko zai iya yin magana yana aikin. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin saboda AF zai iya ɗaga ƙarfe, amma dambe da kokawa sun haramta gare shi, don naushi ɗaya a ka na iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wanda aka dasa wa batirin zuciya a ƙarƙashin ƙashin wuya zai yi makonni huɗu zuwa shida bai ɗaga hannun wannan ɓangare sama da kafaɗa da kaya ba, bayan nan ma kada ya riƙa aza buhu a kan wurin, ya kuma yi nesa da injin walda.

Alamomin da ke cewa a ajiye kaya a nemi asibiti su ne suma ko jiri a tsakiyar aiki, nauyi ko zafi a ƙirji, bugun da ya zabura ya ƙi sauka bayan an huta, da hakin da ya fi ƙarfin aikin da aka yi. Suma ana cikin yunƙuri ita ce mafi muni, ko da mutum ya farfaɗo ya ce ba komai. Haka in a gidan akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, a barci ko a gona ko a ruwa, domin wasu cututtukan wutar zuciya gado ne, kuma 'yan'uwan mamacin na jini su ma a duba su.

Matakin farko ba ya cin ko sisi. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya, a saurara ko luguden na tafiya daidai. Yawancin na'urorin awon jini masu batir da ke shagunan magani na nuna wata 'yar alama in bugun ya rikice, sai dai ba kowa ke kula da ita ba. Daga nan sai babban asibiti na Anka ko Bukkuyum ko Gummi, a nemi takardar turawa. Gwajin ECG da hoton zuciya da ganin ƙwararre kuwa galibi sai Gusau, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiyar ba wasa ba ce, ga kuɗin mota ga halin hanya. In an je, a faɗa wa likita ainihin sana'ar: kilo nawa, sau nawa a yini, me ake sha. In ba haka ba zai ce "a rage aikin wahala," a dawo gida ba a san ko rabin buhu na ciki ba.

In ya faɗi

Ranar 8 ga Maris 2020, a Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana wasa da Katsina United. Rahotanni sun ce motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Ya rasu. Wannan a babban birnin jiha ke nan, a gasar ƙwararru. A bakin kasuwar ƙauye babu ma motar da za ta ƙi tashi.

Abin da muka saba yi in mutum ya faɗi shi ne a taru a kansa, a yayyafa ruwa, a yi fifita, a shaƙa masa albasa, a tura cokali a baki. In suman zafi ne ko yunwa, zai farfaɗo da kansa. In zuciya ce ta tsaya, kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba yana rage damar tsira da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, ƙwaƙwalwa kuma na fara lalacewa cikin 'yan mintoci. Wanda aka girgiza bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, a miƙe gwiwar hannu, a danna ƙirjin ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba. Wani ya ruga neman mota da ma'aikacin lafiya. Aikin na gajiyarwa, cikin minti biyu hannu ke mutuwa, sai na kusa ya karɓa ba tare da an tsaya ba, kamar yadda ake karɓar taɓarya. A tashar lodi kuwa, masu damtsen da za su iya wannan suna nan tsaye kewaye da shi.